Jami'ar da ta kori farar tekawe daga kantunanta

Ranar da gwamnatin jihar Legas ta sanar da haramta farar robar zuba abinci, irin mai kumfar nan da muke kira tekawe, a watan Janairun 2024, zauren WhatsApp na malaman sashenmu ya kusa kamawa da wuta. Wani ya ce dokar 'yan boko ce, ba za ta kai sati ba. Wani ya ce talaka ake so a ƙuntata wa, mai sayar da garau-garau a bakin titi a me za ta zuba? Wani kuma, kamar kullum, ya karkatar da maganar ta koma ta albashi. Ni dai ina ta karantawa ban tanka ba, saboda na taɓa zama a inda aka yi irin wannan haramcin shekara 16 kafin Legas. Kuma can ba gwamnati ce ta fara ba, jami'a ce.

Jami'ar Kimiyya ta Malesiya, wadda aka fi sani da USM, tana tsibirin Penang, kuma a 1969 aka kafa ta. Malaman jami'o'i da kwalejojinmu na Arewa da yawa sun yi digiri na biyu ko na uku a can da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ni ma ta wannan hanyar na je. Duk wanda ya zauna a babbar harabarta da ke Minden ya san manyan itatuwan nan masu inuwa, da masallacin Al-Malik Khalid, da tafkin Tasik Harapan inda guzaye ke fitowa shan hantsi, ƙatti, ba ruwansu da mutane. Da a garinmu ne da tuni yara sun gama da su.

Daga 2000 zuwa 2011 Farfesa Dzulkifli Abdul Razak ne shugaban jami'ar. Masanin haɗa magunguna ne, kuma shi ya fara jagorantar cibiyar nazarin guba ta ƙasar, wadda ita ma a cikin jami'ar take. A zamaninsa aka kafa wani shiri mai suna Kampus Sejahtera, na kula da lafiyar harabar da ta mutanen cikinta, inda ɗalibai ke kawo shawara su kuma aiwatar da ita da hannunsu. A ƙarƙashin wannan shirin ne ɗalibai suka ɗauko yaƙi da farar tekawe, suka laƙaba mata suna Farin Akwatin Gawa. Da shigowar 2008 aka daina amfani da ita a kantunan abinci na jami'ar. A shekarar dai, gwamnatin Malesiya ta zaɓi USM ta ba ta matsayin APEX, wato jami'ar da za a fifita da kuɗi da 'yanci don ta yi gogayya da na duniya, kuma tsarin da jami'ar ta gabatar ta ci wannan matsayi a kan ɗorewar muhalli da rayuwa aka gina shi.

Lokacin da na isa, ƙurar ta daɗe da lafawa. Ban tarar da zanga-zanga ko taron wayar da kai ba. Abin da na tarar shi ne kantin abinci da babu farar tekawe a cikinsa, kuma babu wanda ke maganarta.

Ga yadda abin yake da rana tsaka. Za ka ɗauki faranti, matar da ke tsaye gaban tukunya ta zuba maka shinkafa. Idan ba ka jin yunwa sosai sai ka ce ta sa maka rabi, kuɗinka ma ya ragu. Daga nan ka bi layin manyan tire da aka jera ka ɗebi abin da ranka ke so, kifi ko kaza ko ganye ko ƙwai, ka kai gaban mai karɓar kuɗi ta leƙa farantin ta faɗa maka farashi. Abin da ka ɗiba shi za ka biya, saboda haka hannu ba ya yin nauyi wajen ɗiba. Ga famfon wanke hannu a gefe, domin Malayawa ma da hannu suke cin shinkafa kamar mu. Ka gama, ka kai farantinka inda ake tarawa.

In kuwa tafiya za ka yi da abincin, sai a naɗe maka shi a takarda mai ruwan ƙasa, ko a zuba a wani akwati da aka yi da ɓawon tsiro wanda ke ruɓewa, ko ka miƙa kwanonka. Akwai wata dattijuwa a kantin da ke kusa da ɗakin gwajinmu, Makcik muke ce mata kamar yadda ake kiran duk mace sa'ar uwa a can. Idan ta ga kwanona mai hawa uku sai ta karɓa, ta zuba shinkafa a ƙasa, miya a tsakiya, ganye a sama, ta ɗaure marfin da kanta, wani lokaci ta ƙara ɗan romo ba ta caje ni ba. Su ma suna da irin wannan kwanon tun kaka da kakanni, mangkuk tingkat suke kiransa. Shi ne dai wanda iyayenmu mata ke kai wa maras lafiya abinci a asibiti kafin kula ta zo ta ture shi.

Da yake sinadarai na karanta, bari in ɗan tsaya a kan ita robar. Sunanta folistirin, kuma idan ka juya ƙasanta za ka ga lamba 6 a cikin alamar kibiyoyi uku. Hura ta ake yi har ta kumbura, fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta iska ce. Abin da ya sa take da arha ke nan, take riƙe zafi, kuma shi ne ya sa babu mai son ta bayan an gama cin abinci. Baban bola a kilo yake sayarwa. Zai tsinci gorar ruwa, zai tsinci gwangwani da ƙarfe da tsohon silifa, amma zai tsallake farar tekawe ko kallo ba ta ishe shi ba, domin buhu guda cike da ita bai kai nauyin da zai sayi shayi ba, ga maiƙo ya ɓata ta. Ba ta ruɓewa, sai dai ta farfashe ta zama ƙananan ƙwayoyi, ta bi iska, ta taru a kwata. A ƙona ta kuma, baƙin hayaƙi mai ƙauri. Sinadarin da ake haɗa ta da shi, sitirin, a 2018 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon. Ba ina cewa wanda ya ci shinkafa a tekawe ya kamu ba, akasarin hujjar daga ma'aikatan masana'antu da gwajin dabbobi ta zo. Amma ni ba na son a kwarara min miya mai tururi da mai a cikinta.

Su mutanen Penang suna da wani dalili na daban. Tsibiri ne, fili ya yi musu kaɗan. Sharar da aka kwashe sai an tsallaka da ita babban yanki, zuwa bolar Pulau Burung da ke wajen Nibong Tebal. Duk motar da ta cika da kumfa, kuɗin mai aka ƙona wajen jigilar iska.

To, me ya sa abin ya zauna a USM? Na daɗe ina juya wannan tambayar, kuma amsar da na tsaya a kai ba ta da daɗin faɗa a taron ƙara wa juna sani. Ɗaliban can ba waliyyai ba ne. Da sun fita ƙofar jami'a zuwa unguwar Sungai Dua, za ka gan su riƙe da shayin madara a leda an ɗaure gefe da zare, ga tsinken zuƙa a ciki. Mutum ɗaya ne, a ciki da kwano, a waje da leda. Abin da ya bambanta shi ne cikin harabar akwai mai gida. Filin na jami'a ne, kantunan nata ne, ita ke ba mai abinci izinin zama, ita ke sabunta masa ko ta hana. Ranar da ta ce kada a sake kawo farar tekawe, ba sai ta roƙi ɗalibai dubu-dubai ɗaya bayan ɗaya ba. Masu kantuna 'yan ƙalilan ta zaunar, ta nuna musu abin da za su yi amfani da shi a madadi, ta sa ido. Ɗalibai suka yi nasu na ɓata wa robar suna har ta zama abin kunya, hukuma ta yi nata na cire ta daga kan kanta. Da ɗaya ya yi babu ɗayan, da tuni an manta.

Jihar Penang ma ta zo ta bi irin wannan hanyar. A watan Yulin 2009, zamanin Lim Guan Eng yana babban ministan Penang, aka fara hana ba da leda kyauta a manyan kantuna duk ranar Litinin. Daga farkon 2011 ya zama kullum. A wancan lokacin, kana son leda, ka biya sen 20 (sen shi ne kwabon Malesiya), kuɗin kuma a zuba su a asusun taimakon talakawa. Sen 20 ba kuɗi ba ne, ko alewa da kyar za ta saya. Amma tambayar da mai kanti zai yi maka, kana son leda ko a'a, ita ce ke aiki, don da can ba a tambaya, zubawa kawai ake yi. Har mu baƙi muka koyi ajiye jakar yadi a ƙarƙashin sirdin babur.

A 2022 USM ta zo ta huɗu a duniya a jerin Times Higher Education da ke auna jami'o'i da muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda na 12 a cikinsu shi ne na amfani da kaya cikin hankali da rage shara. Akwai kuma GreenMetric da Jami'ar Indonesiya ta ƙirƙiro a 2010, mai duba shara da ruwa da wuta da sufuri a harabar jami'o'i. Ina taya su murna, amma irin waɗannan jerin ba su cika burge ni ba, domin jami'a ce ke tattara bayananta ta aika, kuma wanda ya iya cike fom yakan wuce wanda ya iya aiki. Haka ma kwandunan shara masu launi uku da ake gani ko'ina a ƙasar, shuɗi na takarda, ruwan ƙasa na kwalba, ruwan lemo na roba da gwangwani. Suna da kyau a hoto. Amma a tashar mota ko bakin kasuwa, ka leƙa ciki sau da yawa za ka tarar an cakuɗa komai. Rarraba shara na bukatar kowane mutum ya yi daidai a kowace rana. Hana abu shigowa kuwa sau ɗaya ake yanke hukuncinsa. Ita ma takardar naɗe shinkafar, don kada a ce na ɓoye, akwai siririyar leda manne a cikinta. An dai rage, ba a gama ba.

Na dawo gida da wannan idon, kuma shi ne ya hana ni sakat.

Jami'o'inmu suna da ikon da USM ke da shi, watakila ma fiye. Babu mai kafa ko teburin awara a harabar jami'a sai da takardar izini. Akwai kwamitin da ke raba shaguna, akwai masu gadi a ƙofa da ke buɗe but ɗin kowace mota. Hukumar da ke iya hana ɗalibi shiga aji saboda tsawon wandonsa ba za ta ce ta kasa hana katan ɗin farar tekawe wuce ƙofa ba. Sai dai mu babbar damuwarmu ba tekawe ba ce, ledar fiya wata ce. Ka zaga bayan kowane ɗakin kwanan ɗalibai, ko babban ɗakin lacca bayan jarrabawa, ƙasa a shimfiɗe take da ita kamar an yi shanyar kuɓewa. Da damina ta toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Da rani masu shara su tara su cinna mata wuta da sassafe, hayaƙin ya bi tagogin aji. Awakin unguwar ma'aikata su ci, kuma duk mahaucin da ka tambaya zai ba ka labarin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbi.

Amma a nan dole a yi adalci. Ɗalibin da ke sayen fiya wata ba don gayu yake yi ba, bai yarda da ruwan famfon ba ne, in ma akwai shi. A Penang gorata nake cikawa a na'urar tace ruwa da ke ɗakunan kwana da tsangayoyi, ban taɓa tunanin taifot ba. Idan jami'a ta haramta fiya wata ba ta samar da ruwan da za a amince da shi ba, zalunci ta yi, kuma dokar za ta mutu cikin mako guda, masu gadin ma su za su fara karya ta. Abin takaicin shi ne wasu jami'o'inmu har da masana'antar fiya wata tasu, da tambarin jami'a a jikin leda, ana kiran abin hanyar samun kuɗin shiga. Injin tace ruwan yana nan ke nan, ma'aikata na nan, rijiyar burtsatse na nan. Abin da ya rage shi ne a ja ruwan zuwa famfuna a wuraren da ɗalibai ke taruwa, a sayar da cikon gora a kan rabin kuɗin leda, sashen nazarin ƙananan halittu ya riƙa gwada ruwan yana manna sakamako a jikin tankin da kwanan wata. Riba ba za ta ɓace ba, kuɗin ledar ne zai fita daga lissafi.

Sai kuma mu malamai, da mun fi kowa iya wa'azi. Je ka zaman kwamiti ko kare kundin digiri ka gani. Kowane mutum tekawe guda, cokalin roba, lemon gora, ruwan gora, duk a cikin wata ledar. Shinkafar da aka zuba wa farfesa mai ciwon suga daidai take da wadda aka zuba wa matashin da bai karya ba. Rabi a ci, rabi a bari a ƙarƙashin kujera. Mu ne kuma muke karanta aya ta 31 a Suratul A'araf, inda aka ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. Da za a kawo abincin a kula babba, a ajiye faranti, kowa ya ɗebi daidai cikinsa, abin da ya rage mai tsafta ne, masinja da direba da mai gadi su ci da mutunci, ba sauran wani ba. Na taɓa kawo wannan shawara a wani zama. Wani dattijo da nake girmamawa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, to wa zai wanke farantan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ake biya ya kwashe tekawen." Aka yi dariya aka wuce batu na gaba. Tambayarsa dai tana kan hanya, domin wanki na bukatar ruwa da wurin wanki, kuma yawancin gine-ginenmu ba a yi su da wannan tunanin ba.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ina yaro, da kwano ake aike na sayen ƙosai da koko. Alala a gwangwani ake dafa ta, goro a ganyen fita yake zuwa, mai fura da ƙwaryarta da ludayinta take yawo, a sha a ɗauraye. Leda ba ta fi shekarun iyayenmu ba a ƙasar nan.

Akwai kuma mutanen da suka riga mu fara wannan aikin ba tare da sun ji sunan wani muradi na 12 ba, wato 'yan bola jari da 'yan gwangwani. Su ne masana'antar sake sarrafa shara ta gaskiya a Kano da Kaduna da Zariya. Sun san farashin kilon gorar roba na yau, sun san wanda ke saye ya niƙa. Amma a ƙofar jami'a kallon ɓarayi ake yi musu, kuma ban ce babu dalili ba, an sha sace murfin kwata da wayar wuta. Maganin wannan rajista ce. A zaɓi 'yan kaɗan, a ba su kati da riga, a ware musu wuri guda a bayan ɗakunan kwana da ranakun zuwa. Gora da gwangwani da kwali za su bar harabar ba tare da jami'a ta kashe ko kwabo ba. Ragowar abinci da ɓawon doya da na lemo daga kantuna kuwa, ga tsangayar aikin gona can tana sayen taki da tsada, ga gonar gwaji, ga ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundi a kai.

Kundin ma kansa abin dubawa ne. Ɗalibin ajin ƙarshe zai buga daftari a fuska ɗaya ta takarda, malami ya ja jan biro, ya sake bugawa, a sake gyarawa, a ƙarshe ya ɗinke kwafi huɗu ko biyar masu bango mai tauri, da kuɗin da uwarsa ta sayar da akuya ta aiko. Akwai wani ɗaki a sashenmu da aka tara irin waɗannan tun daga ƙasa har rufi. Gara ta cinye na ƙasan, na saman kuma wata rana za ka tsinci shafinsu an naɗe maka tsire a ciki. Ni yanzu ɗalibaina ta imel suke turo min daftari, in yi gyara a kwamfuta in mayar, sai na ƙarshe kaɗai ake bugawa, gaba da baya. Wasu abokan aiki sun ce idonsu ba ya jure karatu a allo, na kuma fahimce su. Amma kwafi biyar ɗin nan doka ce da majalisar jami'a ta rubuta, kuma ita ke da ikon mayar da shi ɗaya.

A wannan zangon na ba ɗalibai biyu aikin da ya fi kowanne ƙazanta a sashen. Na saya musu safar hannu da takunkumi da sikelin rataye irin na masu sayar da kaji. Duk safiya kafin masu shara su cinna wuta, za su juye kwandunan kantin abinci guda da ɗakin kwana guda a kan tamfol, su ware ledar ruwa, tekawe, gora, takarda da ragowar abinci, su auna kowanne su rubuta. Da farko sun ɓata rai, ɗayan har ya tambaye ni ko laifi ya yi min. Yanzu shi ne ke zuwa ofis yana ba ni labarin abin da ya gano, wai ranar Juma'a shinkafar da ake zubarwa ta fi ta sauran ranaku, yana so ya san dalili. Kwamitin raba shaguna zai zauna sabunta izini kafin sabuwar shekarar karatu, kuma na riga na nemi a ba su minti goma su gabatar da alkalumansu.